Bayan Janyewar Windows 10: Ko Linux Za Ta Tsawaita Rayuwar Kwamfutoci Masu Araha?

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10, bayan ta shafe shekaru goma tana aiki. Wannan mataki ya shafi masu ƙananan sana'o'i a Nijeriya kai tsaye, domin kuwa yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake gani a shagunan buga takardu, da ofisoshin dillalai, da ƙananan makarantu masu zaman kansu, na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje aka sayar da rahusa, kuma da dama daga cikinsu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar sabuwar manhajar da ta gaje ta ba.

Babbar manhaja dai ita ce ginshiƙin da kwamfuta ke tsaye a kai. Ita ce ke karɓar umarni daga madannai, ta nuna shi a allo, ta adana takardu a rumbun ajiya, ta kuma haɗa na'urar da intanet. Sauran manhajoji, irin na rubutu da na lissafi da na zane, duk a kanta suke hawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kwamfuta da Windows abu guda ne, alhali kuwa ana iya sauke wannan a ɗora wata, kamar yadda ake sauke injin mota a ɗora wani. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce ko yin hakan zai biya shi.

Abin da janyewar ke nufi

Kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ba ta daina aiki ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ya saba aikowa kowane wata domin toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi. Duk ɓarakar da aka gano daga yanzu za ta zauna a buɗe, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Idan dai za a iya tunawa, a watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, inda ta nemi a biya fansa kafin a sako bayanan da ke ciki. Kwamfutocin da abin ya rutsa da su, waɗanda ba a sanya musu gyaran tsaro ba ne. Ga mai shago da ke ajiye lissafin bashi, ko ke shiga asusunsa na banki ta kwamfuta, irin wannan hari asara ce ta jari. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan abokan ciniki nauyin tsare su.

Hanyar da Microsoft ya shata ita ce a koma Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021. To sai dai sharuɗɗanta sun haɗa da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 4, da rumbun ajiya na gigabayit 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sa'an nan da furosesa ta zamani, wato daga zubi na takwas na kamfanin Intel zuwa sama. Wannan ya fitar da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Akwai masu gyara da ke tsallake waɗannan sharuɗɗa ta wasu dabaru, amma kamfanin ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika gyaran tsaro ga irin waɗannan na'urori ba.

Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a watan Disamba na 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a faɗin duniya na iya zama shara sakamakon wannan canji. Nijeriya na daga cikin wuraren da irin waɗannan kaya ke sauka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da tan kimanin 60,000 na kayan lantarki na hannu a kowace shekara. Daga can ne kayan ke isa kasuwar Computer Village da ke Ikeja, da kasuwar Alaba, da Banex Plaza a Abuja, da titin Beirut a Kano. Ke nan, yayin da ofisoshin Turai da Amurka ke sauke tsofaffin na'urorinsu, sai mai saye a nan ya ƙara lura da abin da ake tallata masa.

Lissafin kuɗi

Ga kamfanonin da ke son ci gaba da Windows 10, Microsoft ya sanya Dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara har shekaru uku, wato jimillar Dala 427. Ga ɗaiɗaikun mutane kuwa, ya ware ƙarin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba na 2026, a kan Dala 30 ko kuma kyauta bisa wasu sharuɗɗa.

Lasisin Windows 11 na gida Dala 139 ne a kantin kamfanin a Amurka. Tun bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, Dala ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A kan wannan canji, lasisin guda ya kama Naira 208,500, kusan albashin wata uku ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Ba abin mamaki ba ne da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na manhajojin da aka ɗora wa kwamfutoci a Nijeriya a 2017 ba su da lasisi. Kwafen sata kuwa, ban da saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, sau da yawa yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta a cikinsa.

A nan ne batun Linux ke shigowa. Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ne ya fara rubuta ta a 1991, ya kuma sake ta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da ita, da gyara ta, da rarraba ta, ba tare da biyan ko kwabo ba. A kanta aka gina manhajar Android da ke cikin yawancin wayoyin hannu, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Linux tana zuwa ne iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fara fitarwa a watan Oktoba na 2004. Akwai kuma Linux Mint, wadda tsarin allonta ya yi kama da na Windows, abin da ke sauƙaƙa wa sabon shiga. Zubi na 22 na Linux Mint, wanda ya fito a watan Yuli na 2024, yana iya aiki da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 2 da rumbu na gigabayit 20, ko da yake an fi son gigabayit 4, kuma za a ci gaba da aika masa gyaran tsaro har zuwa 2029. Wato kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, tana iya samun ƙarin shekaru na aiki cikin aminci.

Nijeriya ta taɓa ganin wannan takara

Wannan ba shi ne karon farko da aka yi ja-in-ja a ƙasar nan a kan manhajar da za a ɗora wa kwamfuta mai araha ba. A 2005 wani farfesa na cibiyar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya ƙaddamar da shirin samar wa kowane yaro kwamfuta a kan Dala 100. An nuna samfurinta a birnin Tunis a watan Nuwamba na wannan shekara, tare da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan. Na'urar, mai suna XO, Linux take amfani da ita, kuma a 2007 aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Lokacin da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen shekarar, farashinta ya kai Dala 188.

Kamfanin Intel ma ya fito da tasa mai suna Classmate. A ƙarshen watan Oktoba na 2007, wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya ba da sanarwar cewa za a kawo wa makarantun Nijeriya irin waɗannan kwamfutoci guda 17,000 ɗauke da nasa samfurin na Linux. Nan da nan sai shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa an shaida masa za a biya kuɗin manhajarsa, amma daga baya za a goge ta a ɗora Windows. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. A watan Nuwamba, asusun gwamnati na USPF, wanda ke ɗaukar nauyin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya nuna cewa Mandriva yake so a bari a kansu.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne yadda aka ƙare. Kamfanin Mandriva ya durƙushe a 2015. Duk wanda ya dogara da shi ga gyara da sabuntawa, tilas ya nemi wani. Saboda haka, kafin a zaɓi samfurin Linux, ya dace a dubi tsawon shekarun da ya yi a kasuwa, da yawan masu amfani da shi, da kuma wa'adin kulawar da masu shi suka ɗauka.

A wannan shekara ta 2007 ne kuma kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Eee PC, mai allon inci 7, a kan Dala 399, ita ma ɗauke da Linux. Ta samu karɓuwa ƙwarai, har ya sa Microsoft a watan Afrilu na 2008 ya tsawaita sayar da tsohuwar Windows XP domin irin waɗannan ƙananan na'urori. Zuwa 2009, Windows ta mamaye kasuwar. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sabo. Mai saye yakan kunna na'ura ya tarar da allon da bai saba da shi ba, ya nemi manhajar da ya sani ya rasa, babu kuma wanda zai nuna masa madadinta.

Haka gwamnatin birnin Munich ta ƙasar Jamus ta sauya kwamfutoci kusan 15,000 zuwa Linux, aikin da ya ɗauke ta daga 2003 zuwa 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta jefa ƙuri'ar komawa Windows. A ɗaya ɓangaren kuma, jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta yanke shawara a 2024 cewa za ta raba kwamfutocin gwamnati 30,000 da kayan Microsoft. Waɗannan misalai suna nuna abu guda: kuɗin lasisi ɓangare ne kawai na lissafi, sauran kuwa yana wajen horar da ma'aikata da samun mai gyara.

Yadda ake ɗora ta

Aikin ɗorawar ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Da farko, a kwashe dukkan muhimman takardu zuwa wani rumbu na waje, domin ɗorawar na iya share duk abin da ke cikin na'urar. Wannan shi ne matakin da sakaci da shi ya fi jawo da-na-sani.

Na biyu, a sauko da manhajar daga shafin masu ita na asali. Girman ta Linux Mint ya kusa gigabayit 3, don haka akwai kuɗin data, amma kwafi guda ya isa a ɗora wa kwamfutoci ko nawa ne, kuma doka ta yarda da haka. Sai a zuba ta a filas mai gigabayit 8 ta hanyar wata 'yar manhaja irin su Rufus ko balenaEtcher.

Na uku, a soka filas ɗin a sake kunna kwamfutar, a danna maɓallin da ke ba da zaɓin inda za ta tashi. A kwamfutocin Dell da Lenovo galibi F12 ne, a na HP kuwa F9. Daga nan Linux za ta buɗe daga cikin filas ɗin ba tare da ta taɓa rumbun na'urar ba. Wannan dama ce ta gwaji, kuma Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan ne ake duba ko na'urar na kama intanet, ko sauti da kyamara na aiki, ko kuma injin buga takardu na ofis ya amsa. Wasu kwamfutoci masu katin intanet na kamfanin Broadcom sukan buƙaci a ƙara musu wata 'yar manhaja kafin su kama. Injinan buga takardu na HP yawancinsu suna aiki, domin kamfanin da kansa yana fitar da manhajarsu ta Linux.

Na huɗu, idan gwaji ya yi kyau, sai a zaɓi ɗaya cikin biyu: a share Windows gaba ɗaya, ko a raba rumbun gida biyu ta yadda duk lokacin da aka kunna na'urar za ta tambayi wacce ake so. Aikin ba ya cika wuce awa guda. Saboda yanayin wutar lantarki, wajibi ne a tabbata batir ya cika ko akwai janareta, ganin cewa batiran kwamfutocin hannu sau da yawa sun riga sun gaji, kuma yankewar wuta a tsakiyar aiki na iya tilasta a sake daga farko. A wajen zaɓen madannai, akwai tsarin Hausa na Nijeriya mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, kamar yadda yake a Windows.

Wanda ke da ɗan hali, zai yi kyau ya maye gurbin tsohon rumbu mai juyawa da sabon samfuri na SSD, domin wannan canji shi ne ya fi ƙara wa tsohuwar na'ura sauri. Sa'an nan kuma, tun daga 2020 Linux Mint ta daina fitar da babban zubinta ga tsofaffin furosesa masu bit 32, don haka akwai na'urorin da tsufansu ya wuce a ɗora musu shi.

Batun Chromebook

Daga cikin kwamfutoci mafiya araha a kasuwar hannu akwai Chromebook, waɗanda makarantun Amurka ke saye da yawa su kuma sauke bayan 'yan shekaru. Manhajar Google suke amfani da ita, kuma kowace na da ranar da kulawarta za ta ƙare, ko da yake a watan Satumba na 2023 kamfanin ya tsawaita wa'adin zuwa shekaru goma ga samfuran da suka fito daga 2021. Ana iya ɗora wa da yawa daga cikinsu Linux, amma aikin ya fi wuya, domin sai an buɗe na'urar an cire kariyar da aka yi wa manhajar da ke tayar da ita, kuskure kuma na iya kashe ta. Rumbun da yawansu bai wuce gigabayit 16 ko 32 ba. Wadda kuma har yanzu ke kulle da sunan wata makaranta, barinta ya fi alheri, domin araha ba ta ado.

Akwai kuma ChromeOS Flex da Google ya fitar kyauta a 2022 domin tsofaffin kwamfutocin Windows. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 4 da rumbu na gigabayit 16, amma kusan duk aikinta ya dogara ne da intanet, abin da zai iya zama cikas a inda data ke da tsada ko layi ke yankewa.

Wa canjin zai amfana?

Amsar tana ga irin aikin da ake yi da na'urar. Wanda harkarsa ta tsaya ga rubuta wasiƙu, da lissafin shiga da fita, da aika saƙonni, da shiga shafukan banki, ko na Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko na biyan kuɗi ta Remita, zai iya komawa Linux ba tare da wata babbar matsala ba, tunda waɗannan ta manhajar shiga intanet ake yin su, kuma Firefox da Chrome duk suna aiki a kanta. Manhajar LibreOffice, wadda ke zuwa kyauta, tana buɗe takardun Word da Excel tana kuma adana su, sai dai takarda mai sarƙaƙƙiyar ƙawa takan ɗan sauya fasali.

Amma mai shagon zane da ɗab'i wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, ko akawun da littattafansa ke cikin Sage 50, to ya sani cewa waɗannan ba su da zubin Linux. Akwai madadinsu, irin su Inkscape da GIMP da GnuCash, amma koyonsu na ɗaukar lokaci, kuma abokin ciniki da ya kawo aikinsa a tsarin CorelDRAW ba zai jira ba. Haka nan wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa da na buga rasit da Windows kaɗai aka tanadar musu manhaja. Ga irin waɗannan sana'o'i, abin da ya fi dacewa shi ne a tanadi kwamfuta guda mai ɗaukar Windows 11 domin wannan aiki, a mayar da sauran zuwa Linux.

Ofishin da ke da kwamfutoci da yawa zai yi kyau ya fara da guda ɗaya, ya ba ma'aikacin da ya fi sha'awar koyo, ya yi wata guda yana aiki da ita, a rubuta duk cikas ɗin da aka ci karo da shi kafin a taɓa sauran. Kuma kafin a fara, a tabbata akwai mai gyara a kusa wanda ya san Linux, domin galibin masu gyara a kasuwanni a kan Windows suka koyi aiki.

Wannan giɓi shi kansa wata kafa ce ta samu. Dillalin da zai iya sayar da tsohuwar kwamfuta ɗauke da manhaja ta halal mai karɓar gyaran tsaro, ya haɗa da horo na kwana ɗaya ko biyu da alkawarin gyara na wasu watanni, yana da abin da zai fi maƙwabcinsa da shi. Mai saye kuma, kafin ya miƙa kuɗi, ya kamata ya tambayi zubin furosesar da ke cikin na'urar da kuma ko tana ɗaukar Windows 11. Idan ba ta ɗauka, to farashinta ya sauka daidai da haka, kuma a yanke shawarar manhajar da za ta hau kanta tun a shagon.